Shin Gadon Basira Ake Yi?

Tambaya: An yi wa ɗana ɗan shekara 9 gwajin IQ, wato gwajin auna basira, a makaranta, ya samu maki 88. Dangin mijina sun ce jinina ya ɗauko. Da gaske gadon basira ake yi? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. An tsara gwajin ne matsakaicin maki ya zama 100, kuma mutum biyu cikin uku suna faɗowa tsakanin 85 da 115. Ɗanki yana cikinsu. Idan aka sake gwada shi, makin kan hau ko ya sauka da kamar 5.

Gado na da tasiri, ba musu. Binciken tagwaye a Turai da Amurka ya nuna wajen rabin bambancin maki tsakanin mutane daga gado yake, kuma tasirin na ƙaruwa da shekaru. Amma wannan lissafin jama'a ne, bai faɗi komai kan yaro guda ba. Kuma ai daga uwa da uba ake gado, a tuna wa dangin.

Ki tambaya da wane harshe aka yi gwajin. Yaron da ke tunani da Hausa, aka yi masa tambayoyi da Turanci, Turancinsa aka auna. Alfred Binet ya ƙirƙiro gwajin a Faransa a 1905 don gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako.

Lafiyar yaro ma na shafar makinsa, don haka a duba jin ɗanki da ganinsa da ƙarancin jini. Ki riƙa girki da gishiri mai aidin. A nisanta shi da dalma, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.