Farfelar da ke cikin injin sanyi na CO2

Tambaya: Malam, ni mai gyaran firij ne a Kano. Na ji ana sanyaya kaya da iskar CO2, wai har da tabain a ciki. Mene ne aikinta?

Amsa: Ɗan'uwa, idan zafi ya wuce digiri 31, CO2 ba ta komawa ruwa, ga shi Kano takan haura 40 a watan Afrilu. Dole kwamfiresa, wato injin matse iska, ta matsa iskar har kusan bar 100 (bar ma'aunin matsi ne). Bawul ɗin da ka saba da shi a banza yake sauke wannan matsin. Tabain kuwa 'yar farfela ce: iskar ta juya ta, ƙarfin ya koma ya rage wa kwamfiresa nauyi, sanyi ya ƙaru. Dabarar tana burge ni ƙwarai, sai dai tsada, kuma idan matsin ya sauka wani ɓangare na iskar kan koma ruwa, ɗigonsa kan cinye fikafikanta. Don Allah kada ka ɗaura gejin auna matsi na firij na gida a bututun, zai iya fashewa.