Fayafayan da ka gada, kada ka ɗora su a garmaho tukuna

Ɗan'uwa, ka ce ka tarar da fayafayan marigayi Baba a wani ɗaki a Sabon Gari, wasu na kiɗan rok ɗin Amurka, kana tambayar ko suna da daraja da yadda za ka adana su. Allah ya jiƙan Baba.

Fara duba lambar da ke tsakiyar kowane faifai, wato yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Mai 78 tsohon yayi ne, yana da nauyi, yana fashewa in ya faɗi, shi ne na garmaho mai allurar ƙarfe. Mai 45 da mai 33 na roba ne. Waccan allurar sau ɗaya za ta bi ta kansu ta cinye layin sautin, sai injin lantarki mai allura marar nauyi.

Zafin Maris da Afrilu a Zariya yana lanƙwasa faifan roba, musamman a ɗakin kwano marar silin. Jera su a tsaye cikin kwalayensu, kada a jibga wani kan wani. Ƙurar hunturu kuwa, tsumma mai laushi da ɗan ruwa mai tsabta ya isa. Ban da kananzir, don Allah.

Batun daraja: in ƙananan 45 ne na samarin Amurka masu atisaye a garejin gidajensu wajen 1964 zuwa 1967, irin su ƙungiyar makaɗan The Sonics, masu tarawa na nemansu. Ni dai na fi so ka laluba ko akwai bugun Legas na shekarun 1970, kamar na ƙungiyoyin makaɗan Najeriya Ofege ko The Funkees. Turawa ma suna farautar waɗannan, don haka kada ɗan gwangwan ya auna maka su a kilo.