In tambaye su ko in kama bakina?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da iyali. Don Allah a sakaya sunana.

Ina zaune a Mancesta, ƙasar Ingila. Ranar Talata mai zuwa ina da intabiyu a wani kamfani, a sashen lissafin kuɗi, kuma tun ranar da suka turo mini saƙo barci ya ƙaurace wa idona. Tambayoyinsu ba sa ba ni tsoro, wallahi na san aikin. Tambayar da ni nake so in yi musu ce ta hana ni sukuni. Ina so in ji ko suna sa ma'aikatansu a shirin koyon aiki na babban mataki, wanda mutum yana aiki yana karɓar albashi kuma yana karatu. Amma Yayana ya ce kul.

Wai ba a ba ni wurin zama ba na fara miƙe ƙafa. Wai da zarar na buɗe baki za su gane karatu na zo nema a bagas, su ɗauki wata. Ya ce in lallaɓa in shiga tukuna, in yi shekara guda su ga halina, sannan in roƙa. Anti, ai wannan maganar ce ya faɗa mini wancan karon. Ita ce sak, ko wasali bai canja ba.

A wurin da nake yanzu shekarata uku. Na gama mataki na 3 na AAT, wato kwas ɗin ƙwarewa a lissafin kuɗi, na zauna ina jira a ce mini ga na gaba. Ni nake fara zuwa, ni nake tashi a ƙarshe. Ƙarshen wata idan ana rufe lissafi ni ake bari da takardu. Sau ɗaya na yi wa manajanmu zancen a tsaitsaye, ya ce za a duba, har yau ana dubawa. Sai ga wata yarinya an ɗauka bara, ni na koya mata komai, ni na nuna mata inda ake shigar da rasit. Wata uku da zuwanta na ga ba ta zuwa ranar Alhamis. Da na tambaya aka ce tana kwaleji, kamfani ya sa ta a shirin. Na ce yaushe? Ta ce ai tun ranar intabiyunta ta tambaya, aka rubuta mata a takardar ɗaukar aiki. Anti na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Shekara uku fa! Ni da na koya mata aiki.

Da na gaya wa Yaya sai ya ce rabonta ne, kuma ita 'yar ƙasa ce, mu dole mu bi a hankali. Ya ce shi shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar nan bai taɓa tambayar kowa komai a intabiyu ba, kuma bai taɓa rasa aiki ba. Ƙawata kuwa ta ce in ban tambaya ba na cuci kaina. Ni kuma ba na son in saɓa wa Yaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, kuma idan na tambaya aka hana ni aikin na san ba zan huta da gori ba. Idan kuma na yi shiru, wata shekara ukun ke nan. Ni ko albashin 'yan koyo suka ce za su mayar da ni na yarda, in dai za su yi mini wannan alfarmar. Na gaji da koya wa mutane aiki suna wuce ni. Na gaji wallahi.

In tambaya ko in yi shiru? In kuma tambayar ce, yaya zan yi da Yaya?

Taki, mai jiran amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya saka wa Yayanki da alheri.

Ba al'adata ba ce in shiga tsakanin wa da ƙanwa, kuma ba zan ce wane ne mai gaskiya ba. Yayanki yana da hujja ta wani gefen: wanda ya shiga intabiyu ya buɗe da zancen abin da za a ba shi, tun ba a ji abin da ya iya ba, ya ɓata rawarsa da tsalle. Sai dai shawararsa kin riga kin gwada ta shekara uku, kin kuma ga inda ta ajiye ki. Shi da ya ce bai taɓa rasa aiki ba, ki tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa samun ƙarin girma. Su kuwa mutanen kamfanin, ki yi musu tambayarki ranar Talata.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Akwai wata magana da kika jefa a ƙarshen wasiƙarki kika wuce kamar ba komai, wai ko albashin 'yan koyo aka mayar da ke kin yarda, in dai za a yi miki alfarma. Na karanta layin nan sau uku. Kin san nawa ne kuwa? A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashin ɗan koyo fam 7.55 a awa, na sauran ma'aikatan da suka kai shekara 21 kuwa fam 12.21. Doka ta yarda a biya ko babban mutum wancan ƙaramin a shekararsa ta farko ta koyo. Ke 'yar lissafi ce, ki buga da kanki: a mako mai awa 37 da rabi, kusan fam 175 za ki yafe. Wa ya roƙe ki? Kamfanoni da dama suna barin ma'aikacinsu a kan albashinsa idan sun sa shi a shirin, amma duk wanda ya ji kin yi tayin rage wa kanki da bakinki, ba zai ce miki a'a ba. Kada wannan maganar ta fito daga bakinki a ɗakin nan, ko da wasa.

Sai kalmar alfarma. Tun Afrilun 2017 duk kamfanin da jimillar albashin ma'aikatansa ta wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan harajin koyon aiki, rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Kuɗin na taruwa a asusun da aka ware don horar da 'yan koyo, in ba a taɓa shi ba ya koma wa gwamnati. Ƙananan kamfanoni kuma gwamnati ke ɗauke musu kashi 95 cikin ɗari na kuɗin horon. Abin da kamfani zai yi asara da gaske shi ne lokacinki, kamar wannan Alhamis ɗin da abokiyar aikinki take tafiya kwaleji. A madadinsa ya samu ma'aikaciyar da za ta zauna masa, tana ƙara ƙwarewa a kan teburinsa. Ciniki ne, kowa da ribarsa.

Bari in juyo gare ku masu karatu, musamman iyaye da yayye. Mun tarbiyyantar da yaranmu a kan cewa mai kunya ba ya tambaya, jira yake a lura da shi. A cikin gida wannan ado ne. A ofis kuwa shiru yarda ce, manaja zai ɗauka kin gamsu da inda kike, ya ba wanda ya yi magana. Wasiƙu irin wannan ba su da iyaka a wurina: yarinya mai ƙwazo, mai zuwa da wuri, tana jiran a gode mata da ƙarin girma. Ku daina tsorata su da “mu baƙi ne”. Baƙon da aka kira intabiyu an riga an ga takardunsa, an kuma so ganinsa.

Yanzu ga abin da ba ki faɗa mini ba, kuma shi ne zai gyara tambayar. Wane mataki kike nufi? Babban mataki ya faro daga na 4 har na 7, na 6 daidai yake da digiri na farko, na 7 da digiri na biyu. Mai mataki na 3 na AAT, na 4 ne a gabanta. Ban san shekarunki ba, amma ki sani daga Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita biyan kuɗin mataki na 7 ga 'yan ƙasa da shekara 22, sai wasu kaɗan da aka keɓe. Ba ki kuma faɗi irin takardar zamanki ba. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ya yi shekara uku yana zaune a Birtaniya da izini, zaman da ba na karatu ba. Ki tabbatar da matsayinki kafin Talata, ki kuma leƙa shafin kamfanin na intanet. In sun rubuta suna da shirin, kada ki tambayi abin da ke rubuce, ki ce kin gani kina son ƙarin bayani.

Ki bari sai ƙarshe, lokacin da za su ce ko kina da tambaya. Ki fara da tambaya ɗaya a kan aikin kansa, sannan ki ce kin kammala mataki na 3, kina da niyyar yin na 4 kina wannan aikin, shin akwai waɗanda suka bi wannan hanyar a sashen, kuma bayan wata nawa ake duba mutum? Daga nan ki yi shiru ki saurara. Kada ki kawo labarin wurin da kike, ko yarinyar, ko kukan banɗaki. Idan suka ce sai bayan watannin gwaji, wannan amsa ce mai kyau, in sun ba ki aikin ki nemi a sa ta a rubuce. Idan kuma fuskarsu ta canja don wannan 'yar tambayar, to kin gano da wuri cewa wani “za a duba” ne ke jiran ki a can.

Shi kuwa Yaya, ki gaishe shi da safe, ki nemi addu'arsa, ki tafi. Ba da shi za a shiga ɗakin ba. In kin dawo ya tambaye ki yadda aka yi, ki faɗa masa gaskiya duka, har da tambayar. In ya yi faɗa ki ce Anti ce ta sa ki, ya rubuto mini.

Anti