Ma'anar kalmar "fino" a Sifaniyanci

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da "fino" take nufi, tunda ka gan ta a takardar abinci a Sifaniya, ka kuma ji ana yabon mutum da ita.

Asalinta sifa ce: abu siriri, mai laushi ko mai inganci. Yadi marar kauri "fino" ne, haka ma gishiri mai laushi. Mutum mai ladabi da iya zama da jama'a shi ma haka ake ce masa, in mace ce kuma "fina".

Amma in ka gan ta ita kaɗai a jerin abin sha, to giya ce, marar zaƙi, wadda ake yi da inabin Palomino a yankin Jerez, kudancin ƙasar. Ana ajiye ta a gangunan katako, wani yis da suke kira "flor" ya lulluɓe samanta ya hana iska taɓa ta, shi ya sa launinta ba ya yin duhu. Ƙarfin barasarta wajen kashi 15 cikin 100 ne.

Wadda na fi so ka kiyaye ma ita ce "manzanilla". Sunan shayin wani fure ne, kuma sunan irin wannan giyar ce ta garin Sanlúcar de Barrameda. In shayin kake so, ka ce "infusión de manzanilla".