Ga ɗana mai shirin zuwa Ghana: yadda muke saukar baƙo a zango

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ka gaishe min da Alhaji babanka da kyau.

Ka ce kana son ka yi wata biyu kana zaga Ghana, daga bakin teku har arewa, kuma babanka ya ce ka sauka wurina a Kumasi, ni kuma in haɗa ka da mutanenmu na sauran garuruwa. Sai ka tambaya ko nawa ake biya, kwana nawa ya dace mutum ya yi, kuma ko bai fi ba ka kama ɗaki a otal don kada ka ɗora wa kowa nauyi. Tambayoyin sun yi min daɗi, don sai mai kara yake yin irinsu. Sai dai amsar ba za ta zauna maka ba sai ka san tushen abin.

Kakanninmu fatake ne. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata, madugu na gaba, a shafe watanni a hanya kafin a iso Salaga, kasuwar Gonja, inda ake sayen goron da ke fitowa daga dazukan Ashanti. Falke ya iso garin da ba ya jin yarensu, ba shi da dangi, ga dukiya a hannu. Wa zai amince masa, wa kuma zai amince wa? A nan maigida ya shigo. Maigida shi ne wanda ya riga ya zauna a garin, yana da ɗakuna da rumbun ajiya. Shi zai saukar da kai, ya ciyar da kai, ya adana kayanka, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye, ya tsaya maka idan za a ba ka bashi, in rigima ta taso shi zai je gaban sarki a madadinka. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Abin da yake samu la'ada ce daga ciniki, da kuma suna, wanda ya fi la'adar daraja, domin falken da ya ji daɗin masauki shi ke turo na baya. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasa na 1892 kuma ya tarwatsa ta. Mutanenmu suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Accra, kowa ya tafi da wannan tsari na maigida da baƙonsa. Ayari ya ƙare, jakuna sun ƙare, amma har gobe a zango, wato unguwannin da mutanenmu suka zauna a garuruwan Ghana, mutumin kirki shi ne wanda ba a rasa baƙo a gidansa.

To ka ga ke nan maganar biya ba ta taso ba. In ka zaro kuɗi ka miƙa wa mai masaukinka da sunan kuɗin kwana, ka mayar da shi mai otal, kuma zai ji zafin abin har ransa ko da ya yi maka murmushi. Kwana uku na liyafa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambata, mun san su, amma a nan babu mai ƙirga maka. Wanda ya zo daga ƙasar Hausa ana kallonsa kamar ya zo da ƙamshin gidan kakanni. Tsofaffi za su zo su zauna kusa da kai don kawai su ji Hausarka, wani ya tambaye ka ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, alhali shi bai taɓa ganin Kano ba, kakansa ne ya ba shi labari.

Abin da nake so ka buɗe ido ka gani shi ne abin da ba za a taɓa faɗa maka ba. Gidajenmu na zango ba irin na cikin birnin Kano ba ne masu zaure da soro da turakar baƙi. A Aboabo da Asawase a nan Kumasi, ko Nima da Mamobi a Accra, yawanci gidan haya ne na gandu, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya, kowa da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, kuma masu gida kan karɓi hayar shekara ko biyu a dunƙule. Saboda haka ɗakin da aka share maka, aka shimfiɗa sabon zanin gado, ɗakin wani ne. Samarin gidan sun kwashe tabarminsu sun koma shagon aboki ko barandar masallaci. Wutar lantarki saye ake yi a mita, fankar da ka bari tana juyawa ka fita tana cin aljihun wani. Ruwan wankan da ka tarar a bokiti da asuba wata yarinya ce ta ɗebo shi a ka. Naman da ka gani a kwanonka ba lalle ne ya shiga kwanon yara ba. Duk wannan da farin ciki ake yinsa, wallahi, ba na faɗa maka don ka takura ba. Na faɗa ne don baƙon da bai gani ba shi ne wanda ke tashi da safe ya rataya jaka ya fice yawon kallo, ya dawo tsakar dare ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ya ci abinci a waje, alhali tuwonsa na rufe tun magariba.

Hanyar sākawa tana nan, kuma ba ta da wuya. Bayan kwana biyu ko uku, ka bi yaron gida kasuwa ka sayo buhun shinkafa ƙarami, ko galan ɗin mai, ko kaji, a shigar wa uwargida ba tare da dogon jawabi ba. Za ta yi faɗa, ta ce wahalar me ka yi, sannan ta karɓa ta sa maka albarka. Ka sa kuɗi a mitar wuta ba tare da ka sanar ba. In an haɗa ka da saurayi ya raka ka yawo, kuɗin tro-tro nasa, wato motar haya, da abincinsa da kuɗin shigarsa wurin kallo duk a kanka suke, kada ka bari ya taɓa aljihunsa. A wuraren tarihi kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, to ka biya naka na baƙo, kada ka sa ɗan mutane ya yi ƙarya a ce kai ɗan Ghana ne. In aka yi aure ko suna ko addu'ar mamaci a unguwa kana nan, a tafi da kai, ka zauna, ka ba da gudummawa daidai ƙarfinka. Wannan zaman ya fi wa maigidanka kuɗi, domin jama'a sun ga baƙonsa mutum ne.

Abinci kuma, ka ci abin da aka ba ka. Da safe koko da ƙosai, waɗanda ka sani. Akwai waakye, wato shinkafa da wake, da shito mai yaji, akwai tuwo da miyar ayoyo, akwai fufu da ake kirɓawa da rogo da ayaba, da banku mai ɗan tsami. Wani zai yi maka baƙo a baki. Ka ɗanɗana ka yaba, kada ka fara da cewa a Kano ba haka ake yi ba.

Wannan jumlar ma ka ajiye ta a gida gaba ɗaya. Hausarmu ta sha bamban da taku, za ka ji an ce "ya zo" ana nufin mace, za ka ji Twi, yaren Ashanti, da Turanci sun shiga tsakiyar zance. Kuma ba duk mai Hausa a zango ne Bahaushe ba. Akwai Mosi, Dagomba, Wangara, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani, Yarbawa, Hausa ce ta haɗa su da Musulunci da maƙwabtaka. Kada ka yi wa kowa gyaran harshe, kada kuma ka tsare mutum da tambayar asalinsa ko yaushe zai koma gida. Akwai tabo a wurin. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Iyalai suka rabu, aka sayar da gidaje a wulaƙance, waɗanda aka haifa a nan suka tsinci kansu a motocin kaya zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ma ta kori 'yan Ghana. Mu da muka rage 'yan Ghana ne, a nan kabarin iyayenmu yake, kuma muna alfahari da Hausancinmu ba tare da mun nemi izinin kowa ba. Haka nan kada ka yi mamaki in ka ga Kirista a tsakar gidanmu, ana aika masa naman layya shi ma yana aiko da nasa a Kirsimeti. Limamin ƙasa da kansa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika a Accra a 2019, shekarar da ya cika ɗari. Zaman nan da haka ya ɗore.

Yanzu ga yadda tafiyar za ta kasance. Ba za ka nemi masauki da kanka ba ko sau ɗaya. Daga hannu zuwa hannu za a riƙa miƙa ka: in kira wani a Tamale, shi ya kira wani a Salaga, kowa ya tare ka a tasha. Sharaɗin ɗaya ne, duk inda za ka ka faɗa wa maigidan da kake hannunsa, in ka isa ka kira. Ba tsaro ba ne irin na yaro. Amana ce kai, in wani abu ya same ka shi za a tambaya, kuma duk abin da ka yi a gari da sunansa za a kira ka, baƙon wane.

A Kumasi zan sa a kai ka kasuwar Kejetia da fadar Manhyia, in ka dace da Lahadin bikin Akwasidae, wadda ke zagayowa duk mako shida, ka ga Asantehene, sarkin Ashanti, ya fito. A Accra akwai babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, da kabarin Nkrumah, da Sabon Zango da Malam Bako ya kafa. Ka je Elmina, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ta Cape Coast, ka shiga kurkukun ƙasa inda ake tara bayi kafin a loda su a jirgi. A arewa akwai tsohon masallacin Larabanga da giwayen gandun dajin Mole, waɗanda aka fi gani da rani. Amma in lokaci ya ƙure, ka bar komai ka je Salaga. Ka ga rijiyoyinta, ka tsaya a filin tsohuwar kasuwa. Ba goro kaɗai aka sayar a wurin ba, an sayar da mutane, kuma fatakenmu na cikin masu cinikin. Bahaushen da ya zo Ghana ya kamata ya ga wannan da idonsa.

Bashin da za ka koma da shi kuwa, ba a nan za ka biya ba. Duk shekara yaranmu na tafiya Kano da Zariya da Sakkwato neman karatu ko sari, wasu ba su san kowa ba. Wata rana waya za ta shigo maka daga wani da ka kwana a ɗakinsa, ya ce ɗansa na hanya. Ka je tasha da kanka.

Biza ba a buƙata, kai ɗan ECOWAS ne, kwana 90 gare ka, amma ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, za a nema a Aflao, bakin iyakar Ghana, in ta mota ka biyo ta Kwatano da Lome. Tsaraba kada ka wahalar da kanka: huluna 'yan kaɗan na dattawa, turaren wuta na mata, da littattafan addini daga kasuwar Kurmi don malamin makarantar unguwarmu. Ka sanar da ni ranar tashinka mako guda kafin nan, don a gyara ɗaki.