Ƙwari sun kama shingen lalle, ga maƙwabci a jikin katanga: me za a fesa?

Wani mai gida daga Yantala, a Yamai, ya ce shingensa na lalle ya yi baƙi, ganye na nannaɗewa, tururuwa na hawa da sauka. An ba shi shawarar ya fesa piya-piya, amma bayan shingen akwai awakin maƙwabci da randunan ruwansa.

Malam, kada ka fesa piya-piya. Gubar da ke cikinta, DDVP, tana tashi cikin iska, tana shiga jiki ta numfashi da fata, kuma ba ta cikin magungunan da CSP, kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙasashen CILSS (ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel), ya yarda a fesa wa tsirrai. A wurin da yara ke wasa, awaki na miƙo wuya su ci ganye, ba ta da gurbi.

Abin da ka kwatanta darɓa ce, ko kuma farin ƙwaron nan mai kama da auduga. Juya ganyen ka duba bayansa. Suna tsotse ruwan tsiro, su fitar da danƙo mai zaƙi. A kan danƙon baƙin nan yake tsira, kuma shi tururuwa ke bi, har suna kare ƙwarin daga masu cin su.

Fara da almakashi. Datse rassan da suka fi kamuwa, ka binne su, kada ka zubar a gindin shinge. Ka wanke sauran da ruwa mai ƙarfi. Sai ka haɗa ruwan bedi: busassun ƴaƴan bedi giram 500, a ɓare, a daka, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. A tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, don tsakin yana toshe bakin famfon feshi. A narka farin sabuni kamar cokali uku a ciki, shi ke sa ruwan ya kama ganye. Sabunin gari na wanki yana ƙona ganye, a bar shi. Fesa da marece, saboda rana na kashe ƙarfin bedi, ka kuma sa bakin famfo ya kalli ƙarƙashin ganye. Maimaita duk kwana 7, sau uku. Bedi ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi. Masu cewa ba ya aiki yawanci sau ɗaya suka fesa.

In hakan ya gaza, ka kai ganyen ga ma'aikacin kare tsirrai na gidan gona ya zaɓa maka magani mai rajista. Ka sanar da maƙwabci tun jajibiri, ya rufe randuna da rijiya, ya kwashe shanya, ya ɗaure dabbobi nesa. Kada ka fesa da iska, balle ta hunturu. Tsaya a gefen maƙwabcin, in ya yarda, ka feso zuwa naka gida, ka rage matsin famfo don ɗigon ya yi kauri. In akwai zogale a kusa, a jira kwanakin da aka rubuta jikin kwalba kafin a tsinka.

Wanda ya soma amai, gumi ko dalalar miyau bayan feshi, a cire masa tufafi, a wanke shi da sabuni, a kai shi likita tare da kwalbar. Kada a ba shi madara ko mai.