Ana raya inda babu ƙasa?

Wani ɗalibi daga Gwale ya rubuto yana tambaya: "Malam, yaya za mu kira terafomin da Hausa, wato gyara wata duniya har mutum ya iya zama a cikinta? Na ga wasu suna cewa ƙasantarwa. Kuma zai yiwu a yi wa duniyar Mushtari, wato Jupiter, haka?"

Ɗana, ka bar ƙasantarwa. Kunnen Bahaushe ƙasƙantarwa zai ji, ko ƙazantarwa, kalma kuwa idan ta ja hankali zuwa wani wuri ta faɗi tun kafin ta tashi. Tushen ta Turawan "terra" ne, ƙasa ke nan da Latin, shi ya sa aka bi wannan hanya. Mu muna da tamu. Muna cewa raya karkara, malaman fiƙihu kuma sun daɗe suna maganar raya mataccen fili: daji ne ba mai shi, ka share, ka haƙa rijiya, ka shuka. Saboda haka ni "raya duniya" na zaɓa.

Sai dai raya tana son ƙasa. Je ka gindin Dala ka ga magini yana kwaɓa jar ƙasa da ƙafa, yana mulmula tubali yana jerawa a rana. Duk aikinsa a kan abin da ƙafa za ta taka yake. Duniyar Mirriku, wato Mars, tana da wannan, duwatsu da rairayi. Mushtari ba ta da shi. Ta ninka duniyarmu nauyi sau 318, amma yawancinta iskar haidurojin ce da hiliyam, kana nutsawa iskar tana daɗa kauri da zafi har ta zama ruwa-ruwa, ba inda za ka ce ga doron ƙasa. A 1995 kumbon Galileo ya saki na'ura cikinta, ta yi kusan awa ɗaya tana aiko bayani, daga nan shiru. Akwai kuma wata jar guguwa a jikin Mushtari wadda ta fi duniyarmu faɗi. Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji Hausawa, balle wanda iskar ce gonarsa gaba ɗaya. Duniyar Zuhal ma, wato Saturn, haka take.

Shi ya sa masu wannan tunani suka fi karkata ga watanninsu, irin su Yuropa na Mushtari mai ɓawon ƙanƙara da Taitan na Zuhal. Can akwai wurin taka ƙafa, ko da sanyin ya wuce misali, kuma can ne "raya" za ta iya zama da gindinta.